Ragamar Akawal

Ku matso nan. Ilu, cire yatsa daga hanci ko in fasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gidan nan aka yi, kuma a kan Kawu Nomau, ƙanin babanku.

Ba ku tarar da dokinsa ba. Baƙi ne wuluk, Akawal ake kiransa. Kawu ba ya karyawa sai Akawal ya ci dusa. Shi ke yankan ciyawa, shi ke share barga, shi ke duba kofato kullum. Inna Kande, matarsa, har tana cewa da ita ce dokin da ta huta.

To, wata bazara harawa ta ƙare ƙaf a garin nan. Kawu ya zaga ƙauyuka uku bai samu ba. Daga ƙarshe ya samo wadda ruwa ya daka, har ta fara fumfuna. Ya san bai kamata ba. Amma doki na kallonsa, yunwa na cinsa. Ya zuba masa.

Kafin magariba ciki ya ɗaure wa Akawal. Sai gumi, sai waiwayen cikinsa, yana neman ya zube. Aka ɗura masa kanwa, shiru. Kun san dokin da cikinsa ya ɗaure ba a barin ya kwanta. In ya kwanta ya yi birgima, hanji ya murɗe, shi ke nan. Sai dai a yi ta tafiya da shi har ya yi kashi.

Kawu ya ja ragama ya fita. Ya zaga gari har ƙafa ta gaji, doki na durƙushewa yana ɗaga shi. Bai ankara ba ya tsinci kansa a hanyar Fadamar Kanya. Shi kaɗai. Igiya ta yanke masa tafin hannu.

"Tashi, Akawal. Don Allah tashi. Ni na cuce ka."

Kuka yake, wallahi, babban mutum da gemu.

Sai ya ji an ce, "Sannu da wahala, mai doki."

Babu sallama. Wani dogon tsoho ne a gefensa, da farar riga har ƙasa. Muryar kuma ba daga bakinsa take fitowa ba, daga bayan Kawu take zuwa.

"Yawwa, Baba."

"Ruɓaɓɓiyar harawa," in ji tsohon.

Alhali Kawu bai faɗa wa kowa zancen harawar ba, ko Inna Kande.

Suka jera. Kawu ya kasa kunne. Mai doki ya san takun dokinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Huɗu ne. Amma takun kofato shida yake ji. Bai yarda ya duba ƙasa ba.

Hansatu, sake min zane mana, za ki yaga!

Nan Akawal ya zube gaba ɗaya. Kawu ya ja, ya ja, ya tura da kafaɗa. Ko motsi. Ido ya fara juyewa.

Tsohon ya miƙo hannu. "Kawo ragamar."

Kakanmu ya sha faɗa, ba a miƙa ragama ga wanda bai yi sallama ba. Kawu ya sani sarai. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Zai tashi?"

"Zai tashi. Amma daren Laraba kada ka ɗaure shi. Muna da tafiya."

"Na yarda."

Tsohon ya karɓa, ya hura wa dokin iska a kunne. Akawal ya miƙe zumbur. Ya ɗaga wutsiya ya saki kashi. Kawu ya durƙusa gaban kashin doki yana hamdala. Kafin ya ɗago, ragama na ƙasa, babu kowa.

Shekara uku ana haka. Duk daren Laraba Kawu ya kwance igiya ya shige ɗaki. Da asuba sai a ga Akawal a turke, sharkaf da gumi, ƙafafunsa duk jar laka, alhali babu jar ƙasa a yankin nan. Kawu ya wanke shi, ya ninka masa dusa, bai ce wa kowa uffan ba.

Sai aka yi fari. Akawal ya rame, haƙarƙari a waje, ga gyambo a gadon baya. Kawu ya duba ya san in aka sake hawansa sau ɗaya, gawa za a dawo masa da ita.

Ran Laraba ya ɗaure shi da igiya biyu, ya sa masa dabaibayi. Ya zauna a bakin barga. Inna Kande tana jinsa ta taga. Ta ji taku ya tsaya a ƙofar gida.

"Mun zo."

"Ba zai iya ba, Baba. Dube shi."

"Muna da tafiya."

Sannan ta ji Kawu ya ce, "To ga ni."

Da asuba ta same shi yashe a tsakar gida. Tafin hannunsa da gwiwoyinsa duk jar laka. Gefen bakinsa biyu a tsage, daidai inda linzami ke zama. Akawal kuwa yana turke, busasshe, yana cin dusarsa.

Shekara huɗu Kawu ya yi yana fita daren Laraba, har dokin ya mutu don tsufa. Ranar da aka binne shi Kawu bai yi murna ba. Kuka ya yi, ya ce da an ƙara masa ko da shekara guda.

Gobe in kun je gaishe shi, kada wanda ya ƙura wa bakinsa ido. Kuma duk wanda na ji ya bi hanyar Fadamar Kanya shi kaɗai, kafin su kama shi ni zan fara karya masa ƙafa. Ku tashi ku kwanta. Ilu, yi addu'a tukuna.