Baƙin da Suka Tare a Garin Auta

Rana ta riga ta faɗa bayan benen maƙwabta, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na ganin igiyar shanya ba. Mama tana kwashe kayan da suka bushe. Baba yana kan kujerar roba, rediyo a cinya, yana jiran kiran magariba. Daga ɗakin 'yan mata kuwa ƙarar nan ce take fitowa, wadda gidan ya saba da ita har ya daina ji: fankar tsohuwar kwamfutar Auta tana huci kamar mai hawan tudu da kaya a ka.

Kwamfutar ta Baba ce tun yana aikin ofis. Da ya yi ritaya ta koma hannun Yaya, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, sannan ta gangaro wa Auta, batir a mace, haruffa biyu sun ɓalle, murfi a ɗaure da salatif. A cikinta Auta take gina gari. Wasa ne: ka shimfiɗa titi, ka ja ruwa da wuta, ka yanka filaye, mutane 'yan mitsi-mitsi su zo su tare. Shekara biyu tana zaman jiran gurbin jami'a, kuma shekara biyun nan duk a garin ta zuba su. Akwai gada mai hawa biyu, da kasuwa, da filin ƙwallo, da wata unguwar bakin kogi da ta dasa wa bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya da hannunta.

Sai dai duk lokacin da garin ya ƙara girma, kwamfutar sai ta ƙara nauyi. Auta ta danna, ta je ta yi wanke-wanke, ta dawo ta tarar ana nan ana tunani. Buɗe wasan kaɗai yakan ci minti arba'in. Shi ya sa ta daina rufewa. Wata uku cur kwamfutar tana buɗe, jone da wuta, an ɗaga gindinta da murafun kwalba huɗu don ta sha iska.

A yammacin nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Na biyu ya sauka kusa da ƙafar Mama. Ta sunkuya ta taɓa shi, ta yi maza ta janye hannu. Da zafi, kamar daga murhu aka tsamo shi. Baba ya fita ƙofar gida da sanda yana faɗin zai ga iyayen 'ya'yan da ba su da tarbiyya, ya tarar da layi fayau, ko kaza babu.

Washegari ma haka, da faɗuwar rana. Jibi ma haka. A kwana na huɗu muryoyi suka fara. In gidan ya yi tsit, ka kasa kunne a ƙofar ɗakin 'yan mata, za ka ji su a ƙarƙashin hucin fankar, can nesa: hon ɗin mota ba ƙaƙƙautawa, kukan jariri, da wani tsoho yana jan tsaki mai tsawo.

Mama ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Auta, ki rufe abin nan.”

“Mama, in na rufe sai gobe zai buɗe.”

A kwana na tara, Yaya ta dawo daga aiki ta tarar da Auta zaune gaban kwamfutar, hannu a kan madanni. Ta yi mata magana. Auta ta fara juyowa, sai wuyanta ya tsaya a rabin hanya. Ya tsaya cak. Ido bai ƙifta ba. Yaya ta ƙirga numfashinta har goma, sannan kan ya ƙarasa juyowa a fizge, lokaci ɗaya. Bakin ya buɗe, ba sauti. Sai da ya rufe maganar ta iso.

“San... nu... da... zuwa.”

Yaya ta gwada jini, ta gwada zafin jiki, ta haska ido. Duk lafiya. Ta ajiye kayan aikinta a hankali, ta ce, “Baba, wannan ba namu ba ne. A kira Malam.”

Bayan la'asar Malam ya zo, dattijo siriri mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. An so a fito da Auta tsakar gida, amma hannunta ya ƙi rabuwa da madannin, don haka a ɗakin aka shimfiɗa masa darduma. Ya zauna ya fara karatu. Karatun ya yi tsawo. Inuwar taga ta rarrafo daga bango zuwa ƙasa. Fankar tana ta ƙara huci, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba.

Sai Auta ta ja tsaki. Tsakin nan ne na tsohon.

Malam ya ce, “Kai wane ne? Ka ji tsoron Allah ka fita daga jikin baiwar Allah.”

“In fita?” Muryar ta fito a shaƙe, ta dattijon da ya gaji da duniya. “Malam, kwana tara ina fita!”

Mama ta damƙe hannun Yaya.

“Yi bayani,” in ji Malam.

“Mu ne na kangon bayanku, wanda aka rushe aka yi shaguna. Muna yawo da iyali ba wurin sa haƙarƙari, sai muka ji ɗumi yana fitowa ta tagar nan. Muka leƙa. Ga gari a buɗe, ba ƙofa ba maigadi, ga gidaje a bakin kogi, ga inuwa. Wa zai ƙi? Muka tare. Da farko lafiya lau. Sai yarinyar nan ta yi ta tara mutane, ta yi ta tara mutane! Malam, ni da nake zuwa bangon duniya in dawo kafin ka ƙifta ido, yau ɗaga ƙafa ɗaya sai in yi gyangyaɗi kafin ta sauka. Uwargidana ta tafi kasuwa ran Alhamis, sai Lahadi ta tsallaka titi. Lahadi!”

“To ku fita yadda kuka shiga.”

“Kana tsammani ban gwada ba? Wanda ya tare, dokar garin ta hau kansa, ba a fita sai ta titi. Na loda iyali da kaya a mota. Ga mu can a kan gadarta mai hawa biyu, wadda take alfahari da ita. Kwana tara, mota uku muka wuce. Na yi jifa don ku waiwayo, wancan ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan mutane. Muryata kaɗai na iya miƙowa ta hannunta, ita ma da ƙyar.”

Suka matsa kusa da allon. A tsakiyar cunkoson gadar akwai wata baƙar motar kaya, an tula mata katifu da tukwane. Wasan bai taɓa zana irinta ba.

Baba ya gyara murya. “Ai abu mai sauƙi ne. A zare wayar wuta, kowa ya huta.”

“Zare mana, Alhaji. Garin ya mutu muna ciki, ka ga inda za mu koma mu takwas. Ga jiki nan a kusa.”

Baba ya janye hannunsa daga bango.

“Me kake so?” in ji Malam.

“A sayo sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, a mayar da garin can. Sai mu yi zamanmu, ba ruwanmu da kowa.”

“Ba zama na zo nema maka ba. Tafiya za ka yi.” Malam ya ɗaga murya ya koma karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, yana tsayawa yana fizga.

“Tsaya! Tsaya, bawan Allah! To a rage wa jakar kwamfutar nan kaya. A rushe gari, mutane su ragu, hanya ta buɗe. Kuma da hannun wadda ta gina garin, ba a karɓar umarnin wani. Na rantse da wanda ya halicce ni, muna kaiwa ƙarshen titi ba za ku ƙara jin ko tarinmu ba.”

Malam ya sa ya maimaita rantsuwar sau uku. Sannan kan Auta ya sunkuya, ta farfaɗo tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ce ta gaya mata, a taƙaice, tana riƙe da kafaɗarta.

Auta ta dubi baƙar motar. Ta daɗe tana dubanta.

“Masana'antu kawai zan rushe,” ta ce. “Zai isa.”

Ta ɗauko katafilar wasan. Ko rushewar ma sai da aka yi jira: ta danna, kowa ya zuba ido, can gini ya zube. Masana'antu suka tafi. Motar ta matsa kamar faɗin farce, ta tsaya.

Filin ƙwallo ya tafi. Motar ta wuce mota biyu.

“Haba!” Auta ta buga tebur. “Wata biyu na yi ina gina filin nan! Wa ya gayyace ku? Wa ya ce ku zo?”

Wani ɗan dutse ya faɗo a kan kwano, a hankali, kamar mai yin tuni.

Kasuwa ta tafi, da dogayen benayen tsakiyar gari, da tashar jirgin ƙasa. Hasken taga ya koma ja, sannan toka-toka. Baba sai ɗaga kai yake yi yana duban ƙwan lantarki, leɓunansa suna motsi, don ɗaukewar wuta ta ƙiftawar ido ta isa ta gama da su. Motar ta sauko daga gada, ta kama babban titi, tana tafiya tana tuntuɓe. Saura kaɗan ta kai, ta sake cijewa.

Unguwar bakin kogi ce kaɗai ta rage.

“Mama...” in ji Auta.

Mama ta zauna a gefen gado, ta ɗora hannu a bayanta.

Auta ta ja katafila a kan gidajen, layi bayan layi, sannan a kan bishiyoyin. Hawaye yana ɗiga a gurbin haruffan da suka ɓalle. Da bishiyar ƙarshe ta faɗi, baƙar motar ta zabura kamar an tsinke mata igiya. Ta miƙe titi a guje, katifu suna rawa, wani siririn hannu ya fito ta taga ya yi wa garin daƙuwa, ta kai bakin allo, ta ɓace.

Iska mai sanyi ta ratsa ɗakin ta fita ta taga. Fankar ta sassauta, ta sassauta, har aka ji ladan yana kiran magariba sarai. Malam ya shafa addu'a, ya naɗe dardumarsa.

A kan allon ba abin da ya rage sai fili, da tituna da ba su zuwa ko'ina, da gada mai hawa biyu ba kowa a kanta. Kogin yana gudu sumul. Gajimare yana wucewa ba ya tsayawa. Wani ɗan mutum guda ɗaya, wanda katafila ta manta da gidansa, yana tafe a gefen titi yana kaɗa hannu, taku bayan taku, ba gargada. Tunda Auta ta fara wasan ba ta taɓa ganin tafiya mai kyau haka ba.

Baba ya leƙo ta kan kafaɗarta, ya gyara tabarau, fuskarsa ta washe.

“A'a! To ai ga shi ta gyaru.”

Auta ta juyo ta dube shi. Wannan karon wuyanta bai tsaya ko'ina ba.