Moɗar Kaftin Spase

Da safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an tarar da gawar wani tsoho a wani ƙaramin otal na bakin tafkin Ohrid. Watan Agusta ne, lokacin da garinmu ke cika ya batse da 'yan hutun ƙarshen mako, masu bar mana ɓawon kankana da kwalaben giya a bakin ruwa su koma gida suna yabon tsabtarsa. Sufeto Slavka Paunkoska ta ture gahawarta gefe, ta kira saje suka fita.

Tun daga matakala warin ya tare ta. Warin zawo ne da amai, kuma turaren da mai otal ya fesa bai yi komai ba sai ƙara masa ƙarfi. Slavka ta sha ganin gawa, amma sai da ta toshe hanci da bayan hannu kafin ta shiga.

Mamacin sunansa Panche Dimovski, tsohon direban jirgin ƙasa daga Veles. Shi da matarsa Ratka sun zo ne su tuna ranar aurensu, 'ya'yansu suka biya musu ɗaki da tikitin yawon tafki a wani jirgin ruwa mai suna Srebrenka. Ranar Asabar suka yi yawon. Lahadi cikinsa ya ɓaci, ya ƙi zuwa asibiti don kada ya ɓata wa matarsa hutu, zuciyarsa kuwa dama lallaɓa ta ake yi. Likitan da ya duba gawar ya ce ba shi kaɗai ba ne, asibiti cike yake da fasinjojin jirgin nan, kowa na riƙe da ciki.

Ratka na zaune a bakin gado da takalman mijin a cinyarta. Slavka ta tambaye ta abin da suka ci a jirgin. Ta ce soyayyen kifi da burodi, abin da kowa ya ci.

"Ke ma kin ci kifin, Inna?"

"Na cinye nawa, na cinye rabin nasa. Ga ni garau, 'yata. Ni me ya sa aka bar ni?"

Slavka ta riƙe maganar a ranta.

Kafin ta koma ofis, an riga an sami mai laifi, ko kuma an kawo musu shi har gida. Kaftin Spase Gavriloski, mai jirgin, ya zo da ƙafarsa, hula a hannu, ya ba da bayani cewa kukunsa ta sayi kifi mai araha da ya wuni a rana, kuma ya sha yi mata faɗa a kan haka. Har ƙwalla aka ce ya yi. Nan da nan aka je aka ɗauko kukun, da yamma kuma za a miƙa ta ga mai gabatar da ƙara bisa laifin sakacin da ya jawo kisa. Mace ce mai shekaru, idan aka ɗaure ta da wuya ta fito da ƙafarta.

Babu wanda bai san Spase ba. Hotonsa ne da farin gemu a kan kowane allon talla na tashar jiragen ruwa, kuma abokin marigayi mahaifin Slavka ne, Kawu take ce masa tun tana ƙarama. Kukun kuwa, Dafina, tana soya masa kifi tun jirginsa na katako ne, fasinjoji na zama a kan akwatuna.

Slavka ta same ta a ɗakin tambayoyi, ta haɗe hannuwa a kan tebur, duk tabon ƙunar mai.

"Yaushe kika sayi kifin, Inna Dafina?"

"Asabar da sassafe, wurin da na saba."

"Kin ci?"

"Wace mai girki ce ba ta ɗanɗana abincinta?"

"Wani abu ya faru a jirgin ranar? Ko ƙarami ne."

Dafina ta kalli hannuwanta. "Babu komai. Lafiya muka je, lafiya muka dawo."

Ƙarya ce, kuma ta marar sabo da ƙarya, don har wuyanta ya yi ja. Slavka ta juya tambayar ta nan, ta juya ta can, tsohuwa ta kafe. Da za a fita da ita sai ta roƙi saje ya aika wa Spase cewa kada ya damu, ita ba za ta jawo masa magana ba. Ba wanda ya gaya mata wanda ya kawo sunanta, Slavka ma ba ta gaya mata ba.

A asibiti an jera marasa lafiyar har a baranda, da bokiti a ƙarƙashin kowane gado. Slavka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa kifi yake tsine wa, har ta iso kan wata malamar makaranta daga Prilep mai suna Menka. Da ta tambaye ta ko kifin ya yi mata wani ɗanɗano, matar ta yunƙura ta tashi zaune, ruwan da ake ƙara mata na lilo a hannu.

"Kifi? A cikin azumin Maryamu? Ke 'yar wane gida ce?"

Slavka ta ba ta haƙuri. Menka ta ce tun da azumin ya kama, nama, kifi, madara, babu wanda ya taɓa bakinta. Da burodinta da tumatur ta shiga jirgin, don ta san halin 'yan yawon nan, ba su san coci ba sai ranar ɗaurin aure. Abin da kawai ta karɓa daga hannun mutanen jirgin shi ne ruwan moɗa, shi kuwa ruwa ba ya karya azumi.

Duk ɗan Ohrid ya san moɗar. Idan jirgin yawo ya isa inda ruwan maɓuɓɓugan Sveti Naum ke shiga tafki, kaftin kan kashe inji, ya sauka matakalar gefe, ya ɗebo ruwa a moɗar tagulla, a zagaya da ita kowa ya kurɓa. Ruwan wurin sanyi ƙarara, kuma garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasa. Rabin masu sayen tikiti don wannan kurɓar suke saye.

Menka ba ta gama ba. Ta ce dama tun a hanya ranta ya ɓaci, don an cusa mutane a jirgin kamar buhuna, bayan gida ya cika ya yi ambaliya, ƙazanta ta malalo har ta jiƙa mata gefen siket. Tsohuwar kukun nan ce ta bar kaskonta ta zo tana gogewa. Amma da suka tsaya shan ruwa Menka ta sake leƙawa, sai ta tarar komai ya janye, kamar ba a yi ba.

Slavka ta tambayi kanta inda ƙazantar ta tafi.

Ta koma otal. Ratka na ninke kayan mijinta. Ta ce ita ba ta sha ruwan ba, haƙoranta ba sa jure sanyi. Amma da aka ambaci moɗar sai fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun safe.

"Mutumin kirki ne kaftin ɗin nan. Da ya ji ranar aurenmu ce, ya ce yau ba shi zai fara sha ba, ango ne. Ya cika moɗa ya ba Panche, jama'a na tafi. Panche ya shanye tas, aka ƙara masa."

"Shi kaftin ya sha daga baya?"

Ratka ta yi tunani. Ta ce ba ta gani ba, lokacin yana ta ɗaukar mutane hoto.

Slavka ta yi mata sallama da ƙyar. A tafkin nan kaftin ne ke fara sha. Haka iyayensu suka yi tun ana tuƙi da filafili, don baƙo ya ga mai jirgi ya haɗiye kafin shi ya yarda. Ba a ɗaga wa kowa wannan, ko ango, ko limamin coci. Spase da kansa ya taɓa korar wani matuƙinsa saboda ya miƙa moɗa bai kurɓa ba, labarin ya zagaya tasha har yau ana ba da shi.

Da la'asar ta isa tasha. Srebrenka na lodin masu yawon faɗuwar rana, ana kiɗa, wata sabuwar kuku har ta ɗora mai a wuta. Spase na bakin gadar hawa jirgi yana miƙa wa mata hannu suna hawa. Da ya hango Slavka ya buɗe hannuwa.

"'Yar abokina. Kin ga abin da ya same mu? Dafina ta kashe ni."

"Kawu Spase, yaushe aka kwashe tankin bayan gida?"

Ya ce Asabar da yamma, a nan tasha, motar kwasa ta zo kamar kullum. Ta tambaye shi ko bayan gidan ya ba da matsala a hanya, ya ce ko kusa. Ta ce to a buɗe mata ɗakin inji.

Ya yi ta kawo uzuri, mai zai ɓata mata kaya, ga fasinjoji na jira. Saje ya ɗaga murfin da kansa. Ƙarƙashin tankin akwai famfon da ke sakin ƙazanta kai tsaye cikin ruwa, wanda doka ta sa a ɗaure da waya a buga masa hatimin dalma a kowane jirgi. An yanke wayar, an murɗa ta da hannu an mayar, hatimin na reto. Slavka ta bi bututun da ido har inda ya huda jikin jirgin, ta hau sama ta leƙa. Bakinsa na nan dab da matakalar da ake ɗiban ruwan moɗa, da wani baƙin zane da ya gangaro a kan farin fenti.

Ta sa saje ya sauke fasinjojin. Sannan ta juyo.

"Me ya sa ba ka fara sha ba ranar Asabar?"

"Karrama tsoho na yi. Laifi ne?"

"Ka taɓa karrama wani haka?"

Ya zauna a kan benci, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Da ya buɗe baki kuma, ba nadama ce ta fito ba, ƙorafi ne. Ya ce ranar ya ɗauki mutane fiye da ƙima saboda wata motar 'yan hutu da ta iso a makare, tanki ya cika tun ba a yi nisa ba. Mata na ihu, ƙazanta na bin takalma. Yana kashe inji ya sauka ya buɗe famfon, a zatonsa ruwan maɓuɓɓuga zai kore komai kafin ya hau. Ya ce tafkin nan babba ne, ya haɗiye abin da ya fi wannan.

"To ka buɗe. Me ya sa ka fito da moɗar?"

"Suna tsaye da wayoyinsu suna jira, Slavka. In na ce yau babu, sai su tambayi dalili."

"Da ka ɗebo, ka ga ruwan?"

"Ya ɗan yi duhu," in ji shi, a hankali. "Na kawar da abin da ke sama da bakin moɗar."

Saje ya juya ya tofar da yawu cikin kwandon shara. Slavka ta ji kamar ta wanke kunnuwanta da sabulu. Mutumin nan ya ɗauke ta a kafaɗa tana yarinya, yanzu ko inuwarsa ba ta so ta taɓa ta.

"Dafina fa?"

"Ai ba za su ɗaure tsohuwa ba. Tara ce kawai, da na biya mata."

Ta gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi, ta ce wa saje ya sa masa ankwa. Ya roƙi a rufe masa hannu da riga saboda mutanen tasha, ta ce a bar shi haka. Aka bi da shi ta gaban allon tallan da ke ɗauke da hotonsa, sauran masu jirage kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

A ƙofar ofis suka yi kiciɓis. Ana fitowa da Dafina, an ba ta jakarta, ana shiga da shi. Da ta ga ankwar sai ta yar da jakar ta riƙe hannun Slavka, tana rantsuwa ita ba ta faɗi komai ba, a sake shi, bayan gida ne kawai ya toshe, kuma ita ta goge.

Slavka ta ga ba za ta bar ta ta tafi gida da wannan ba. Ta gaya mata komai a tsaye, famfon, moɗar, da wanda ya zo da safe hula a hannu ya ce kifinta ne.

Dafina ta saki hannun. Ta dubi Spase.

"Kai ka ce kifina ne?"

"Dafina, ki gane, jirgin ne abincinmu duka..."

"Kai da bakinka?"

Ta daɗe tana kallonsa, kallon da takan yi wa kifin da ya juya kafin ta watsar.

"Tun safe nake yi maka ƙarya a ɗakin can," ta ce. "Ban taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen abu ba, Spase. Ashe ruɓaɓɓen nake wa aiki."

Ta sunkuya ta ɗauki jakarta. Saje ya ce zai kai ta gida a mota, ta ce a'a, ta tambayi Slavka sunan otal ɗin da matar mamacin take. Can ta nufa da ƙafa, aka ja Spase ciki.