Gumin Suma'ila a Takardar Nazir

Aliya tana zaune a tsakar gidansu na unguwar Zengo, ordinata, wato kwamfuta, a cinya, tana gyara wa Suma'ila CV, wato takardar da mai neman aiki ke bayyana karatunsa da ayyukan da ya yi. Wata ƙungiya ce ke neman mai kula da rumbunan hatsi a ƙauyukan Mirriya. Suma'ila ɗan ƙauyen Dogo ne, ya karanci noma, da ya rasa aikin buro, wato ofis, sai ya koma gida yana taya matan garinsu tafiyar da rumbun tsimi. Danginsa sun riga sun kawo kayan tambayar aurenta. Babanta Alhaji Mahamud, kafin ya tafi fatauci Agadas, cewa ya yi a jira yaron ya samu abin yi.

Shafi huɗu ya kawo mata da safe, ta yi dariya ta ce, "Wa zai karanta wannan duka? Shafi ɗaya ya isa. Cire labarin ƙwallo, cire karatun lekol ɗin yarinta. Aikin Dogo shi za mu sa a sama."

"Aikin ƙauye? Ai raina ni za su yi."

"Shi suke nema. Faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar: yadda ka hana ƙwari cin wake, yadda hatsin ya kai mata har damina."

Ta gama ke nan ta tura masa ta waya, sai ga mahaifiyarta Inna Hajjo ta fito daga ɗaki, Nazir yayan Aliya yana biye. Nazir yana da takardar diplom, amma kullum yana fada, wurin shan shayin samari.

Inna ta ce, "Yayanki ma zai ajiye dosiyen neman aiki a wurin nan. Ki cire sunan wancan, ki sa nasa."

"Inna, Yaya bai taɓa zuwa Dogo ba. In ya yarda, yanzu in rubuta masa tasa. Ya yi estaj na koyon aiki, ya riƙe wa Baba kanti, duk abin sawa ne."

Nazir ya taɓe baki. "Kanti? Ni za ki rubuta wa tsaron kanti?"

"Ƙarya ce ba zan rubuta ba, Yaya."

Marin da Inna ta ɗauke ta da shi sai da kunnenta ya yi ƙara. "Nonon da kuka sha tare ne kika sayar saboda ɗan ƙauye mai kaushin ƙafa? Ba ni na'urar."

Nazir ya kwafe takardar kalma da kalma, suna da lambar waya kawai ya canza. Aka karɓe wayar Aliya. Da Suma'ila ya zo zance da la'asar, Inna da kanta ta fita zaure, Aliya tana jin su ta bayan ƙofa.

Inna ta ce, "Ita ta ba yayanta takardar da hannunta. Ta ce ta gaji da jiran mai warin taki. Ka turo a kwashe kayanku."

Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Inna." Aliya ta ji takunsa yana nisa. Ta yunƙura za ta fita, Nazir ya tare ƙofar da kafaɗa, ya tura ta har ta faɗi kan turmi.

Tun daga ranar ba mai yi mata magana a gidan. In ta gaida Inna, sai ta kau da kai. In ta yi tuwo, a zuba wa awaki a gabanta. Maƙwabta suka shiga nuna ta da baki, wai yarinyar da ta fifita saurayi a kan ciki ɗaya. Ta rame, idanunta suka faɗa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Suma'ila yana can yana ɗaukarta maciyiya amana. Duk da haka ba ta daina durƙusawa ta gaida uwarta ba, ba ta kuma kai ƙararta wurin kowa ba.

Ranar tambayoyin ɗaukar aiki, shugabar buron ƙungiyar ta kira samarin biyu tare, ta ajiye takardun a tebur. "Ɗayanku ɓarawo ne. In ban gane shi ba, duk biyun za ku fita."

Suma'ila ya dubi Nazir, ya sunkuyar da kai. Kunyar suruki ta hana shi buɗe baki. Nazir kuwa ya nuna shi da yatsa ya ce a gidansu ya sace ta. Shugabar ba ta ja magana ba. A ƙasan kowace takarda akwai lambar Tani, jagorar matan Dogo, a matsayin shaida. Ta kira, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

Tani ta ce, "Suma'ilan namu? Tare muka shafe rumbun nan da hannu. Nazir kuma ɗan wa?"

Labarin ya riga Nazir isa gida, ya kuma isa Agadas. Alhaji Mahamud ya dawo ba shiri, ya tara iyalinsa. Ya dubi yadda 'yarsa ta koma, ya bi bahasin abin da ya faru. Sannan ya aika aka kira Suma'ila, ya sa Inna ta maimaita a gabansa abin da ta faɗa a zaure. Ta kasa.

Suma'ila ya juya wajen Aliya. "Na yarda da abin da aka faɗa a kanki ban tambaye ki ba. Ki yafe ni."

"Ka samu aikin?"

"Na samu."

Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Nazir bai zo ba, ya bar gari don ya kasa jure dariyar abokan fadarsa. Ranar kai amarya Aliya ta durƙusa gaban uwarta tana neman gafara. Inna ta ce, "Kin kori ɗana, je ki." Haka aka fita da ita. Sai da Aliya ta haihu, Inna ta je gidansu a Mirriya da ƙunshin yaji a hannu, ta karɓi jaririn, ta zauna tana hawaye, ta ce, "Na zalunce ki, 'yar nan." Aliya ta kwantar da kai a cinyarta.

Mai neman aiki ya rubuta abin da hannunsa ya yi, komai ƙanƙantarsa, domin shi kaɗai zai iya karewa ranar da aka tambaye shi. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, kada son wani ɗa ya sa su take gaskiyar wani. Aliya ta sha wuya a hannun waɗanda ta fi ƙauna, amma ta yi haƙuri, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ɗaga wa uwarta murya ba, Allah kuwa bai bar ta ba.