Kaset Ɗin Faretin Baba Saja

Ranar da Sila ya fara shigowa shagon Theresa, kyamararsa ta fara kallo kafin ta kalle shi. Ƙatuwa ce, irin ta saɓawa a kafaɗa, daga Jos ya sayo ta. Shi kuwa mai ita dogo ne siriri, mutumin Danko, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce ya je har Kontagora an kasa shigar masa da hoton kaset cikin kwamfuta, sai aka ce ya dawo Zuru wajen wata yarinya.

Wannan "wata yarinya" bai yi wa Theresa daɗi ba ko kaɗan. A shekarar 2007, kaf garin ita kaɗai ce mace mai haɗa fim a kwamfuta, ta san haka, kuma ba ta ɓoyewa. Ta juya kyamarar, ta duba inda ake jona waya, ta zaro wata daga durowa, ta jona, ta danna. Sai ga hoto tar a fuskar kwamfuta.

"To, wata yarinya ta gama," in ji ta.

Sila ya cire hula ya ce, "Na tuba, Injiniya."

Shi aikin nan ba ya son gaggawa. Kaset na awa ɗaya sai ya cinye awarsa cur kafin ya gama shiga kwamfuta, ko kai waye. Dole Sila ya zauna a benci ya jira. Tun suna hirar aiki har suka koma hirar da ba ta da alaƙa da aiki, har ta kai yana kawo kaset ɗin da ita da shi sun san an riga an shigar.

Wata rana daga wajen biki ya turo mata saƙo: "Injiniyata, yau amare biyu na ɗauka a Bena, Allah ya sani ko ɗaya ba ta kama ƙafarki ba. Ki ci abinci don Allah."

Ta mayar masa: "Mai kafaɗa, rage zaƙin baki ka kawo aiki. Amma na karanta, na sake karantawa."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Saja Michael, tsohon soja ne da ya ga yaƙin Laberiya, kowa Baba Saja yake ce masa. Shi ya riga ya zaɓa mata Kofur Godswill, ɗan abokinsa, mai zuwa gaisuwa da takalmi kamar madubi. Game da Sila kuwa cewa ya yi mai bin bukukuwan mutane da akwati a kafaɗa ba miji ba ne, ɗan kallo ne. Ya ce shi namijin da za a iya jingina da shi yake nema wa ɗiyarsa.

Mama Margaret, mahaifiyar Theresa, ita ta kawo dabara. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta matso, kuma bana Baba Saja ne zai ja faretin tsofaffin sojoji, ga gwiwoyinsa sun ce daga wannan sun gama. Ta ce Sila ya ɗauki faretin, ko zuciyar tsohon za ta yi laushi.

Sila ya ɗauka kamar zai ba da ransa. Har rub da ciki ya yi a ƙasa don ya samo ƙafar Baba Saja tana dukan fili. Da yamma ya kawo kaset ɗin yana haki, ya saka a kyamara, ya ce Theresa ta fito baranda ya ba ta labari.

A nan aka yi ɓarnar. Theresa ta wuni tana mayar da wani bikin Bena da ta gama haɗawa daga kwamfuta zuwa kaset. Hannunta ya saba da wancan maɓallin, idonta kuma yana kan Sila. Maimakon na shigarwa, sai ta danna na fitarwa, ta fice tana dariya. Sa'ad da suka dawo ciki, kwamfuta ta gama shimfiɗa bikin Bena a kan faretin. Babu Baba Saja, babu tuta, sai wata amarya tana juyi ana yi mata liƙi.

Theresa ta zauna a ƙasa. Ita da ke bugun ƙirji cewa ko daƙiƙa ɗaya ta mutane ba ta taɓa salwanta a hannunta ba, yau ta goge mahaifinta da yatsanta.

Washegari tsofaffin sojoji suka cika tsakar gidan Baba Saja don kallo, wasu har da lambobinsu a ƙirji. Kofur Godswill ma ya zo. Theresa ta tsaya a gabansu, babu kaset a hannunta. Sai Sila ya matsa gaba ya durƙusa, ya ce shi ne ya yi sakaci, ya ɗora wani aiki a kan kaset ɗin tun kafin ya kai shago.

Godswill ya yi wata 'yar dariya. Baba Saja ya nuna ƙofa da sandarsa, ya ce kada ƙafar Sila ta sake taka masa gida. Theresa tana tsaye tana kallo har ya fice, ta bar shi da laifin.

Labari ya zaga gari. Masu biki suka fara janye wa Sila aiki, shi kuma ya ɗauke ƙafa daga shagon. Theresa ta ɗauka fushi yake da ita, kuma ta san ya cancanta ya yi. Amma da yake girman kai ba ya sakin mutum da sauƙi, da faɗa ta fara. Ta rubuta masa: "Wa ya sa ka? Na ce maka ba ni da baki ne?"

Amsar ta zo: "Tawan, ni in sunana ya ɓaci ina da gona a Danko. Ke kuwa sunanki ne shagonki, kuma maza da yawa jira suke a ce mace ta kasa. Ban zo ba ne don kada a haɗa ki da ni. Ba fushi nake ba, kewarki ce kawai ke ci na."

Ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana firamare. Ga shi an ce iyayen Godswill za su zo neman aure ƙarshen wata. In ta yi shiru, sunanta ya tsira, Sila ya tafi. Wannan lissafin kam ba ya buƙatar kwamfuta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ta tarar da Baba Saja a gindin mangwaro da abokansa. Da gangan ta zaɓi lokacin. A gaban waɗanda aka kunyata Sila, a gabansu za ta wanke shi. Ta durƙusa, kanta a ɗage.

"Baba, ni na goge faretinka. Hankalina ya tafi wajen hira, na danna inda bai kamata ba. Sila ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi ya ɗauka. Shi nake so, ko ka ba ni ko ka hana ni."

Baba Saja ya dube ta. Sannan ya ce a kira masa yaron.

Sila ya zo a kan babur, ko hula bai tsaya ɗauka ba. Tsohon ya tambaye shi ko gaskiya ne ya kalli tsabar idonsa ya shirga masa ƙarya. Sila ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi in an koma ranar, me zai yi.

"Zan sake yi, Baba. Ka gafarce ni."

Wani tsohon kofur ya yi tari don ya danne dariya. Baba Saja bai yi murmushi ba. Ya ce a soja, wanda ya ɗauki horon ɗan'uwansa ana sara masa, amma wanda ya yi wa na gaba da shi ƙarya ba ya tafiya haka nan.

"Horonka shi ne wanga," in ji shi. "Ruwan farko na sauka, ka aje akwatin nan, ka tattaro abokanka da fartanyu. Gonata ta bayan dutse, daga shuka har girbi. In ga ko kafaɗar nan ta san wani abu ban da kyamara."

Sila ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa, fuskarsa duk a dame. Theresa ce ta fara ganewa. A ƙasar Zuru ba a tura saurayi da abokansa gonar uban yarinya sai don abu ɗaya, golmo, noman da mai neman aure yake yi wa surukinsa. Mama Margaret da ke laɓe a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, sai a lokacin Sila ya ɗago.

Ya yi noman kuwa. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya yi kanta, dawa ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa. Godswill ya zo gonar sau ɗaya, ya ga abin da ya gani, ya miƙa wa Sila hannu ya koma bariki.

Bayan girbi aka ɗaura auren a coci, mutanen Danko suka cika motoci. Baba Saja ya ƙi sanda, da ƙafarsa ya taka da ɗiyarsa har gaban fasto, ita kuwa tana tafe tana ji kamar duk Zuru tata ce. Tsohon ya kama hannunta ya sa a cikin na Sila, ya juya tafin ya shafa kantar.

"Na so in bar wa jikokina hoto," in ji shi. "To ga wanda za su kalla su san namiji. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu faɗin gaskiya."

Coci ta amsa da amin. Theresa ta matse hannun mijinta, ta ce a hankali, "Amin, Baba."