Abin da Gambo Bai Ƙarasa Faɗa Ba

Gab da magariba, Yakaka na kwashe tuwo, wayar 'yarta Mardiyya ta sandare. Bidiyon mahaifinta ta buɗe, marigayi Gambo masunci, wanda ta ɗauka a bakin kogin Haɗejiya da almuru kafin ambaliya ta tafi da shi. Yana cikin kwalekwale yana dariya, ya ce, "Yakaka, ki ajiye min..." Daga nan hoton ya tsaya cak.

Mardiyya ta riga ta tura bidiyon ga dangi a Birniwa da Kaugama don su yi masa addu'a. Duk wayar da ya shiga sai ta daskare, ko kira ba ta ɗauka. Mai gyaran waya ya ce bidiyon ne ya lalace, manhajar da ke kunna shi ta shaƙe, sai a goge. Dangi suka goge. Yakaka ta ƙi, kuma wa zai ga laifinta? Iyakar muryar mijinta da ta rage ke nan.

Sai jifa ya fara sauka a kan kwanon ɗaki duk faɗuwar rana. Tsakuwar a jiƙe take, tana ƙarnin kogi. Ran nan Mardiyya ta sandare a tsakar gida da buta a hannu, ido a buɗe, ba ta ko ƙiftawa.

Aka kira Malam Gwadabe. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Gidana ta ɗauka a bidiyon nan. 'Ya'yana na wanka cikin ciyawa a bayan kwalekwalen, ta raba su gari-gari. Saura wayar gidan nan."

"In an goge za ka fita?"

"Zan fita." Muryar ta yi ƙasa. "Amma ke Yakaka, na ji ƙarshen maganar mijinki. Ki bar ni a jikinta zuwa kaka, in faɗa miki."

Yakaka ta so jin maganar nan kamar ranta zai fita.

"Hajiya, 'yarki ce," in ji Malam a hankali.

Ta miƙa masa katin wayar da bidiyon ke ciki, ya jefa a murhu. Mardiyya ta yi atishawa, butar ta faɗi, ta ce, "Inna, ƙafata ta sage."

Jifa bai sake sauka ba. Har yau Yakaka ba ta san abin da Gambo ya ce ta ajiye masa ba. Kullum in ta kwashe tuwo, sai ta rufe kwano ɗaya ta tura gefe.