Muryar Hajjo a Kunnen Malam Sahabi

Lawwali yana tsugune gaban sabon garmahonsa a wani gidan haya a Gusau, cikin shekarar 1957, ransa a ɓace. Ma'aikacin waya ne a tashar jirgi, ya sayi garmaho mai lantarki da amfilifaya mai ƙara murya, amma ko ya ƙure sauti, faifan sai ƙus-ƙus.

"Malam, sauro kaka kiwo ɗakin ga?"

Ya ɗago. Wata budurwa ce a tsakar gida riƙe da ƙwarya, tana danne dariya. Hajjo ke nan, ta zo daga Bungudu wajen gwaggonta Inno, matar mai gidan. Tun ranar Lawwali bai sake samun kansa ba.

Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya gano masa matsalar: sai ya sa firiyam, ƙaramin akwatin da ke ɗaga siririyar muryar allura kafin ta shiga amfilifaya. Iri biyu ke gare shi. Ɗaya mai sheƙi ne, na lantarki, faifai yana fita a cikinsa tangaram. Ɗayan baƙi ne mummuna mai batir, yana ɗan huci, sai dai yana da kafar makirufo. Kuɗin Lawwali na guda ɗaya ne kawai, ya yi wata biyu yana zuwa yana shafa mai sheƙin.

Can Bungudu kuwa abu ya cije. Mahaifin Hajjo, Malam Sahabi, kunnensa ya yi nauyi shekara huɗu, sai an yi ihu yake ji. Sau uku Lawwali ya je gaisuwa, sau uku tsohon ya dube shi ya ce, "Wanga na mai garmaho? Kunnena bai iya jin shi." Ɗantsoho kuwa, mai motar ɗaukar auduga daga Tsafe da shi ma ke neman Hajjo, in ya yi sallama har bayan gari ana ji, don haka shi kaɗai ke samun hira.

Tsohon ba mai tilas ba ne, taurin kai ne da shi. Ya rantse ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ji zaɓinta daga bakinta. Ba ya karɓar saƙo, ba ya karɓar takarda, wai tun da ya kurumce kowa ke ƙaga masa zance. To wace 'ya ce za ta ɗaga wa ubanta murya, ta kwarara sunan saurayi unguwa na ji?

Inno ta kawo wa Lawwali wasiƙa:

"Sanyin idona, na gaji. Jiya na durƙusa gaban Baba na faɗa har sau biyar, bai ji ba, na tashi ina kuka. Ya ce in kaka ta wuce ban yi magana ba, shirun nawa na Ɗantsoho ne. Taka, Hajjo."

Ya karanta, takaici ya hana shi cin abinci. Washegari ya shiga kantin, bai ko kalli mai sheƙin ba.

"Ba ni baƙin, da makirufo."

"Zai ɓata maka faifai," in ji Kwaran.

"Shi ɓata. Bungudu babu lantarki."

Ranar Juma'a da la'asar ya shimfiɗa kayan a zauren Malam Sahabi, ya haɗa da abin sauraro na kunne irin na masu waya. Tsohon ya ture hannunsa sau biyu, wai ba a sa masa kiɗa a kai. Da ƙyar Inno ta lallashi wanta ya yarda.

Aka kira Hajjo. Ta durƙusa, ta ja mayafi, ta kusanto bakinta ga makirufo.

"Baba, ina wuni."

Tsohon ya zabura, ya dafe kunnuwansa da hannu biyu.

"Hajjo? Ke ta?"

"Ni ta, Baba." Ta sunkuyar da kai, muryarta kamar ta ɓace. "Mai akwatin ga nika so."

"Sake hwaɗi."

"Baba, ba ka ji ba?"

"Na jiya sarai, ɗiyata, na kuwa ba shi." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Rabona da muryarki tun kina ƙarama. Ashe ta koma irin ta marigayiya uwarki. Sake hwaɗi."

Bayan kaka aka ɗaura aure a wannan zauren. Malam Sahabi ya zauna da abinsa a kunne, ya ji siga, ya ji fatiha, ya sa musu albarka har muryarsa ta dushe. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, amin.