Finjali na Huɗu

Kwana da kwanaki ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, na rasa wanda zan faɗa wa. Irin wannan magana ba a kai ta gidan maƙwabta, balle ga mai 'ya budurwa a ɗaki. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ni karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda zai fito.

Lokacin da ganyaye suka fara zuba ne ɗiyata Belkisa ta gama makarantar koyon jinya. Mijina Rifet ya ce sai mun ci abinci a waje, abin da rabonmu da yi tun yana aiki a masana'antar ƙarfe. Ya zaɓi gidan abincin Sakib da ke bakin kogi a nan garinmu na Zenica, wanda aka ƙawata kamar zamanin iyayenmu. Jajayen kujeru, tsohuwar rediyo mai akwatin katako, garmaho yana juya waƙoƙin da, har da tarho mai lambobin da ake juyawa da yatsa. Sakib ƙauyuka yake bi yana sayen kayan gidajen da tsofaffinsu suka mutu, 'ya'yan kuma suka watse ƙasashen waje.

Tebur na mutum huɗu aka ajiye mana a bakin taga, amma ɗanmu Kenan bai samu hutu daga Jamus ba, kujerarsa ta zauna babu kowa. Muka ci miyar wake da busasshen nama, da nama naɗe a ganyen kabeji. Rifet sai nune-nune yake, wai irin wannan agogon ne a gidan kawunsa, irin wancan labulen ne a ɗakin uwarsa. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Ana fara kiran sallar magariba aka kawo gahawa a faifan tagulla, da finjali huɗu. Uku iri ɗaya ne. Na huɗun tsoho ne, bakinsa a ɗan gutsure. Rifet ya zuba mana, sannan ya cika na huɗun, ya tura shi gaban kujerar da ba kowa, ya ajiye dunƙulen sukari a gefe.

"Matso, baƙo," in ji shi. "Tunda ɗana ya fi son Jamusawa, kai zo ka sha. Gidanmu ma a buɗe yake."

Na mintsine shi a cinya, na ce magariba ce, ba a irin wannan wasa. Ya ce ni dai komai tsoro, inuwata ma sai na yi mata sallama. Belkisa ta yi dariya ta ce wa babanta, "Babo, to ka miƙa masa sigari mana."

Da muka tashi tafiya, na ga finjalin babu komai sai guntun lakar gahawa a gindinsa. Sukarin kuma an gatsa shi ta gefe ɗaya, yadda tsofaffi ke yi kafin su kurɓa. Na ɗauka Rifet ne. Shi kuma, ashe, ya ɗauka Belkisa ce.

Da ƙamshi abin ya fara. Rana na faɗuwa bayan dutse sai gidan ya cika da ƙamshin gahawa, alhali ban ɗora komai a wuta ba. Daga nan sai jifa. Tsakuwa ce irin ta bakin kogi, tana sauka a kan rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jira a buɗe. Rifet ya zagaya bayan gida yana zagin 'ya'yan unguwa, bai ga kowa ba. Ya tsinto tsakuwa ɗaya ya ba ni. Da ɗuminta, kamar yanzu aka sake ta daga tafin hannu.

Sai tari. Tarin tsoho, daga falo, inda ba kowa.

Wata magariba na shiga na tarar da Belkisa zaune a ƙasa, ta tayar da gwiwa ɗaya ta ɗora hannu a kai, zaman da kakanninmu maza ke yi. Yarinyar da ba ta shan gahawa sai mai madara a kofin takarda. Ta ɗago ta dube ni, idanun nata ne, amma kallon ba nata ba.

"Uwar gida, har yanzu ba a ɗora gahawa ba?"

Muryar namiji ce, dattijo, mai kaushi. Haka muka riƙa yi kullum. Daga magariba zuwa isha'i tana zaune haka, da an kira isha'i ta kife ta yi barci, gari ya waye ba ta tuna komai. Ta rame har zobenta yana zamewa. A asibiti suka ce ba su ga wata cuta ba. Ranar da ya kamata ta fara aiki ta zo ta wuce.

Rifet da kansa ya hau ƙauye ya ɗauko Malam Nusret, tsohon limamin da ake kai wa irin wannan. Ya iso kafin faɗuwar rana, ya zauna nesa kaɗan da Belkisa, ya soma karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, har agogon bango kamar ya rage sauti. Can sai ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa.

Malam ya tambayi aljanin da ke jikinta wa ya ba shi izinin shiga gidan mutane.

"Mai gidan," in ji muryar. "Ga shi nan, tambaye shi. Ni ban haura katanga ba, Malam efendiya. Kira na aka yi."

Rifet ya sunkuyar da kai. Aljanin ya ce a gidan wata tsohuwa yake, can saman dutse. Kowace yamma tana zuba finjali ɗaya na ƙari saboda wanda zai iya shigowa, kamar yadda aka saba, kuma ba mai shigowa sai shi. Ta mutu, ɗanta ya sayar da kayan, aka zuba finjalin a kwali, ya biyo abinsa. Ya zauna a gidan abincin nan yana kallon mutane suna ɗaukar hoton abinci, ba wanda ya ce masa matso, sai wannan mutumin kirki.

Malam ya ce jikin yarinya ba ɗakin baƙi ba ne, ya ɗaga murya da karatu. Belkisa ta sandare, gumi yana zuba, yatsunta suna kartar darduma. Ni ina bakin ƙofa na cusa ɗankwali a baki.

"Tsaya," in ji muryar. "Ban ƙi tafiya ba. Amma ni ba kare ba ne da za a kora. A ba ni gahawar sallama."

Kowa a nan ya san ta, gahawa ta ƙarshe, marar kauri, wadda ake kawo wa baƙo ya gane lokacin tashi ya yi. Malam ya ce ba a yi wa aljani hidima. Muryar ta ce to zai fita, amma ta idon yarinyar. Malam ya juyo ya ce mini in dafa, amma in sa a raina ɗiyata nake ba.

Na dafa na kawo. Aljanin ya gatsi sukari, ya sha a hankali, ya kife finjalin. Belkisa ta miƙe tana dafa gwiwa kamar mai ciwon baya, ta taka har ƙofar gida, ta tsaya, muryar ta sake magana.

"Na zo gidanku, saura ku. Wanda aka ziyarta yana ramawa, ko a birni kun daina? Ku zo da yarinyar. In na ji shiru, zan leƙo in ga ko lafiya."

Malam ya daka tsawa ya ce babu wannan alkawari tsakaninmu. Amma ta riga ta zube a kan takalma, ƙofar kuma ta buɗe da kanta, iska mai sanyi ta shigo.

Belkisa ta warke, ta fara aikinta, kumatunta sun dawo. Ba mu gaya mata maganar ƙarshen nan ba. Malam ya ce ko hanyar gidan abincin kada mu bi, wanda ya je sau ɗaya zai yi ta zuwa. Rifet kuwa ya ce shi ya gayyata da bakinsa, mu je mu sha finjali ɗaya mu tashi, a rabu lafiya.

Shekaranjiya na haɗu da Sakib a kasuwa yana sayen tattasai. Ya ce yaushe za mu leƙo, teburinmu yana nan. Wai kowace safiya yana tarar da finjali huɗu a jere a kai, ya yi wa ma'aikata faɗa har ya gaji, duk sun rantse ba su ba ne.

Jiya da magariba tsakuwa ta sauka a rufi. Guda ɗaya tak. Belkisa tana taje gashinta a falo, ta ɗago ta ce, "Mama, ba kya jin ƙamshin gahawa?"

Da muryarta ta faɗa, wannan na tabbata. Amma magariba tana tafe yau ma. Don Allah, ku da kuka karanta, in ɗauki ɗiyata in kai ta teburin nan, ko in kulle ƙofa in jira?